Muryar Sule

Kawu Cindo ba da ido yake duban kuɗi ba.
In ka miƙa masa sule,
sai ya ɗaga shi daidai hancinsa,
ya sake shi kan uwar maƙera,
ya karkata kai kamar mai jin sallama daga nesa,
mu yi tsit har ƙarar ta gama mutuwa.

Tsohon sule yana da murya,
tinnn, siririya mai dogon numfashi,
ta zaga rumfa ta fita ta ƙofar gabas
kafin ta yarda da ɓacewa.

Ni ne ɗan zuga, shekarata goma sha ɗaya,
fatar akuya biyu a hannu, toka a gira.
Sule huɗu zobe ne a wurinmu,
goma sha biyu warwaro.
Ba a shelarsa a kasuwa,
amma kowace uwa ta san hanyar zuwa.

Sai ranar da Tabawa mai daddawa
ta kwance ƙulli daga bakin zane,
cinikin kasuwa bakwai a Gujungu,
sababbi fil, jajaye, kamar an shafe su da manja.
Ta ce zobe take so wa jikarta Ladiyo,
yarinyar ta sauke izu biyar babu gargada,
ta cancanci abin sakawa.

Kawu ya saki ɗaya.
Ƙwas.
Kamar tsakuwa a fasasshen ƙoƙo.
Ya goge kunne da ɗan yatsansa na shida,
ya sake sakin wani. Ƙwas.
Babu ko wutsiyar amsawa.

Ya ce in ɗauko mayen ƙarfen nan
da muka ciro daga cikin mataccen rediyo.
Ban gama kawo shi kusa ba
suka yi tsalle suka manne,
kamar kaska a kunnen kare.
Tsohon sule bai taɓa kula maye ba,
ko ka ɗora shi a kansa sai ya zame, yana basarwa.

Ya goga magagari a gefen guda,
jan ya zube kamar garin barkono,
ciki toka-toka, launin ƙusa.
Ya ce, "Riga ce, Tabawa.
Ɗan'uwan garma aka yi wa lalle."
Ta ce, "To ai ga rubutu, an kuma karɓa mini jiya."
Ya ce, "Sule ne in gishiri za ki saya.
Wuta ba ta karatu, ba ta san rubutawa."

Duk da haka muka gwada.
Na zuga gawayin ƙirya har kafaɗata ta mutu.
Suka yi baƙi, suka sale,
suka zauna a kasko kamar baƙon da aka ɓata wa rai,
suka ƙi narkewa.

Da la'asar ya buɗe gwangwanin da ke ƙarƙashin buzu,
ya ƙirgo farare huɗu daga nasa,
ya karɓi jajayenta huɗu,
bai ce mata komai kan faɗuwa ba,
ni kaɗai na ji ajiyar zuciyarsa cikin ƙirgawa.

Jajayen nan mun huda su,
suka zama matashin ƙusa a kwanon rumfa.
Suna nan. Kowace damina
sai su zubo jan hawaye a bayan kwano,
tsatsa na cin su ba ta ƙosawa.

Kawu ya cika shekarun baya.
Zoben yana ɗan yatsan 'yar Ladiyo,
ya sirance, amma fari tas.
Ni kuma kuɗi ta waya suke iso mini,
babu nauyi, babu gefen gogawa.
Amma in ta ce tinnn a aljihu,
sai in tsinci kaina na karkace kamar Kawu,
ina jiran ƙarar ta gama mutuwa.